Baba ya rasu wata biyar, Yaya ya ce kada wanda ya ta da maganar gado

Babbar Ɗiya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa tofa baki ba, yau dai abin ya zo kaina. Mahaifinmu ya rasu wata biyar ke nan. Ya bar mata biyu, mahaifiyarmu da amaryarsa, ya bar tasa mahaifiyar da rai, ta tsufa ƙwarai. Mu 'ya'ya biyar ne, maza biyu mata uku, autarmu shekararta 9. Akwai kuma ɗan'uwanmu da ya riga Baba rasuwa da shekara 3, ya bar yara biyu, a gidan suke.

Abin da Baba ya bari: gidan da ake ciki, shago, wani ɗan fili, mota, da kuɗi a banki. Makullin shago da katin cire kuɗin Baba suna hannun babban yayanmu, da su yake ciyar da gida. Ba na zarginsa da cin ko sisi, Allah ya sani. Amma da na ce ya kamata a zauna a yi lissafi, sai ya dube ni ya ce, "Baba ko shekara bai yi a ƙasa ba, har kin fara ƙirga tubalin gidansa?" Tun ranar ban sake iya buɗe baki ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, ranar da muke kwashe kayan ɗakinsa na tsinci wani littafi mai baƙin bango a ƙasan akwatin tufafinsa. Sunayen mutane ne da adadi a gaban kowane suna, wasu an ja musu layi, wasu ba a ja ba. Ban sani ba ko su ke binsa ko shi ke binsu. Don Allah a ba ni shawara, ta ina ake farawa?

Hajiya Kaka:
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. 'Yata, ki bi a hankali. Yayanki ba don mugunta ya faɗa ba, zafin rashi ne. Gida ɗaya kuke, ana ci ana sha, mene ne na gaggawa? Da yawa rabon gado shi ke raba kan 'yan'uwa.

Ɗan Tsakiya:
Hajiya, ki gafarce ni, amma a nan ban bi bayanki ba. Wannan "mene ne na gaggawa" shi ya rusa mana gida. Kakanmu ya rasu ya bar 'ya'ya 8, aka ce a bar gida yadda yake don zumunci. Shekara 19 ba wanda ya ce uffan. Cikinsu huɗu suka rasu, kowa ya bar mata da 'ya'ya, wasu matan suka yi aure wasu wurare. Ranar da aka zo rabo mun haura mutum 40 a tsakar gida, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wani baffanmu ya gina ɗakuna uku da kuɗinsa, ba takarda ba shaida, ya ce a fitar masa da su, sauran suka ce da kuɗin hayar gidan ya gina. Yau akwai waɗanda ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. Rabon bai raba mu ba, jinkirin ne ya raba mu.

Malam Mai Allo:
Allah ya gafarta masa. 'Yar'uwa, kafin a kai ga wa zai samu me, akwai jeri da ba a tsallake shi.

Da farko a ware abin da ba nasa ba ne: ajiyar mutane da ke hannunsa, kayan da aka ba shi ya sayar, abin da ya karɓa jingina, da kayan matansa na kansu. Wannan ba ya shiga gado ko kaɗan. Daga nan a fitar da abin da aka kashe wajen yi masa sutura, gwargwado ba almubazzaranci. Sai bashi. Sai wasiyya, idan ya yi, a cikin sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, na abin da ya rage. Abin da ya saura bayan duk wannan shi ne gado. A aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i, sau huɗu aka maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi.

Saboda haka littafin nan da kika tsinta shi ne ƙofar aikin. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Idan kina neman hanyar da za ki shiga wa yayanki, ga ta: kada ki ce masa a raba, ki ce masa a sauke wa Baba nauyi. Ba ɗan kirkin da zai ji wannan ya ce a jira.

Abban Yara:
Malam, ai jinkiri ma yana da asali. Na taɓa jin Abdullahi ɗan Zubairu bai raba gadon mahaifinsa ba sai bayan shekara huɗu.

Malam Mai Allo:
Haka ne, Buhari ya kawo labarin. Amma ka duba abin da ya yi a shekarun. Ranar yaƙin Raƙumi Zubairu ya kira shi ya ce babban abin da ke damunsa bashinsa ne, a sayar da dukiya a biya. Abdullahi ya lissafa bashin, ya sayar da fili ya biya. Da 'yan'uwansa suka ce a raba, sai ya ce sai ya yi shela a lokacin aikin hajji shekara huɗu: duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Ya yi, sannan ya raba. Wato jinkirinsa aiki ne, an san dalili, an san ranar ƙarewa. Wannan daban yake da a rufe baki a bar dukiya tana tafiya a hannun mutum ɗaya ba rubutu.

Autar Mata:
Ni tambayata lissafin. Mata biyu ne, ke nan kowacce tumuni (ɗaya cikin takwas), a haɗa ya zama rubu'i (ɗaya cikin huɗu)?

Mai Lissafi:
A'a, tumuni ɗaya ne za su raba tsakaninsu, ko su huɗu ne. Bari in buga muku bisa abin da ta faɗa, da sharaɗin ba wani magaji da ba ta ambata ba.

Asalin mas'alar 24, wato a kasa gadon kashi 24. Mata tumuni, 3. Mahaifiyarsa sudusi (ɗaya cikin shida), 4. Ragowar 17 na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu: maza biyu kai huɗu, mata uku kai uku, kai 7 ke nan. To 3 ba ta rabuwa ga mata biyu, 17 ba ta rabuwa ga kai 7, sai a ninka 24 sau 14 (wato 2 sau 7), ya ba da 336. A kan wannan: kowace mata 21, kaka 56, kowane ɗa namiji 68, kowace ɗiya 34. Ku haɗa, 42 da 56 da 136 da 102, zai dawo 336 cif.

Ku lura da kaka. Rabonta ya fi na matan biyu a haɗe, kuma ita aka fi mantawa da ita. Idan ta rasu kafin a raba, wannan 56 ba ya komawa cikin tulin, nata ne, magadanta ne za su ci: sauran 'ya'yanta, wato baffanninku da gwaggwanninku. Kun ga gidan da kuke ciki ya samu sababbin masu haƙƙi. Abin da Ɗan Tsakiya ya ba da labari ke nan.

Babbar Ɗiya:
Wallahi ban taɓa kawo Kaka a lissafi ba. To yaran ɗan'uwanmu marigayi fa? Ban ga ka sa su ba.

Malam Mai Allo:
Ba sa gado a nan, saboda akwai 'ya'ya maza na cikinsa da rai, sun shamakance su. Mahaifinsu ya riga rasuwa, bai gaji komai ba balle ya bar musu.

Autar Mata:
Malam, wannan wurin yana min nauyi a zuciya. Marayu biyu, a gidan suka tashi, a ce a raba a gabansu su tashi hannu rabbana?

Malam Mai Allo:
Nauyin da kika ji daidai ne, kuma shari'a ba ta bar wurin a buɗe ba. Tun da ba magada ba ne, kakansu yana da damar yi musu wasiyya har sulusin dukiyarsa, wanda a wasu lokuta ya fi abin da mahaifinsu zai samu da yana raye. Wannan ce ƙofar da aka buɗe wa kakanni, sai dai da yawa ba sa shiga. Ganin haka ne Masar ta kafa dokar wasiyya ta dole a 1946, wadda ke ba irin waɗannan jikoki kaso ko da kakan bai yi wasiyya ba, amma ba duk malamai suka tafi a kan haka ba. Sannan aya ta 8 a Nisa'i ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo, a ba su wani abu, a faɗa musu magana mai daɗi. Kowane baligi a cikinku yana iya yanko musu daga rabonsa. 'Yar'uwa, Baba bai taɓa cewa komai game da su ba?

Babbar Ɗiya:
Ya ce. Lokacin da yake kwance ya ce filin nan na yaran ne. Ina wurin, ƙaninsa yana wurin, da wani amininsa. Ya kuma ce mota ta amarya ce, amma wannan ita kaɗai ta ji.

Malam Mai Allo:
To magana biyu ce mabambanta. Fili wasiyya ce ga waɗanda ba magada ba, ga shaidu maza biyu. Idan darajarsa ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi ba, dole a zartar, ba sai an nemi yardar kowa ba. Idan ta wuce, abin da ya haura yana hannun magada. Asalin iyakar hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, da ya yi rashin lafiya ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana, ya ce rabi, aka hana, ya ce sulusi, Annabi (SAW) ya ce sulusi, sulusin ma da yawa. Ku je wurin mutanen nan biyu tun suna raye, tun ba su manta lafazin ba, su rubuta abin da suka ji su sa hannu.

Mota kuwa, amarya magajiya ce, kuma ba wasiyya ga magaji sai sauran sun yarda. Idan ta ce kyauta ce tun yana lafiya, sai a tambaya: ta karɓa? Makulli da takardu sun koma hannunta? A mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓe ta ba har mai bayarwa ya rasu ta ɓaci, ta koma gado. Ba ƙaryata ta ake yi ba, ƙa'ida ce da ta hau kowa. Amma ku tambaye ta a keɓe, cikin mutunci, ko akwai ragowar sadakinta ko wani rance da ta ba shi. Ku tambayi mahaifiyarku ma. Wannan bashi ne, yana gaba da gado, kuma mata da yawa kunya ke hana su faɗa. Ku tabbatar kuma ba ta da juna biyu, don in akwai ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo har a haihu.

Wani Lauya:
Bari in ƙara ta ɓangaren takardu. Katin cire kuɗin nan a daina amfani da shi yau. Daga lokacin da mutum ya cika, kuɗin da ke asusunsa ba nasa ba ne, ba kuma na wanda ya san lambar sirri ba ne. Duk abin da aka cira yana nan a rubuce da rana da sa'a, kuma ranar da rai ya ɓaci wannan takardar ce za a ɗora a gaban yayanki, ko da abinci ya saya wa gida da kuɗin. Hanyar da ta dace: a samo takardar shaidar rasuwa, a sanar da banki, a nemi izinin kotu na kula da dukiyar mamaci. Sunan takardar da matakanta sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ku tambayi kotun da ke kusa da ku.

Wani kuskure da nake yawan gani: sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa. Mutane na ɗauka wannan ya mallaka wa mai sunan kuɗin. A mafi yawan lokuta wanda za a tuntuɓa ne kawai.

Ku tattara takardun gida, na fili, na mota, yarjejeniyar hayar shago in haya ne, ku ɗauki hotonsu, kowane baligi ya riƙe kwafi. Wayarsa ma kada a goge ta, kada a bar layin ya mutu. Saƙonnin ciki sukan warware rabin abin da ke cikin irin littafin da kika tsinta.

Abban Yara:
Ni fa ina tausayin Yayan nan, kowa ya taru a kansa. Ina tambaya, shekara nawa ya yi a shagon?

Babbar Ɗiya:
Shekara 14. Tun da ya gama sakandare. Bai taɓa karɓar albashi ba, Baba ne ya yi masa aure, yake ba shi abin da yake buƙata.

Abban Yara:
To kun gani. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa, shago ya bunƙasa a hannunsa, yanzu a ce rabonsa daidai da ƙaninsa da bai taɓa ɗaga kwali ba? Ni na san abin da ke cin zuciyarsa ke nan, ba zafin rashi kaɗai ba. Tsoro yake a raba shagon ya wayi gari ba sana'a.

Ɗan Tsakiya:
Wahalarsa gaskiya ce, amma ba a biyan ta da haƙƙin yarinya 'yar shekara 9. In ya zuba jarinsa a shagon, ya kawo shaida a fitar masa kafin rabo. In taimakon mahaifi ya yi, an kuma ɗauke masa aure da ci da sha, to gado ba lada ba ne da ake ba wanda ya fi wahala.

Abban Yara:
Ka faɗi haka da sauƙi don ba kai ka tsaya shekara 14 a bayan kanta ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, a sassauta. Mai tambaya mafita take nema.

Mai Lissafi:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma akwai hanyar da ta ɗauke duka. Raba gado ba ya nufin a sa zarto a tsaga kanta. A kira masu sanin daraja biyu ko uku waɗanda ba su da alaƙa da gidan, su yi wa komai kuɗi: gida, mota, kayan shago ɗaya bayan ɗaya, har bashin da shago ke bin mutane. Sai a mayar da 68 ɗinsa kuɗi, a ce ga rabonka, ka ɗauki shago a kansa. In shagon ya fi rabonsa, ya cika wa sauran, ko a tsara masa biya kaɗan-kaɗan a rubuce. Manya kuma in sun ga dama su sassauta masa daga nasu, saboda shekarun nan. Gidan ma haka: kowa ya san kasonsa a takarda, sannan a ci gaba da zama tare in ana so. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Sharaɗi ɗaya: ba mai yafe ko ƙwayar zarra daga 34 ɗin auta. Ba mahaifiyarta, ba yayanta. Ba nasu ba ne.

Malam Mai Allo:
Wannan sharaɗin a riƙe shi da kyau. Aya ta 10 a Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Aya ta 6 kuma ta ce a riƙa jarraba su, idan sun balaga aka ga hankali a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu lokacin miƙawa. Ke nan a naɗa mai riƙe mata, a rubuta abin da aka damƙa masa, abin da aka kashe mata a rubuta. Haka filin jikokin. Wata biyar ɗin nan da ake ci daga tuli ɗaya, da rabonta a ciki, shi ya sa Yaya da kansa ya fi kowa buƙatar a yi lissafin, don ya fita daga haɗari.

Kuma 'yar'uwa, kada ki ji kunyar cewa ke mace ce kika ta da maganar. Matar Sa'adu ɗan Rabi'u ce ta je wurin Annabi (SAW) da 'ya'yanta mata biyu bayan mahaifinsu ya yi shahada a Uhudu, ta ce baffansu ya kwashe dukiyar. Aka saukar da hukunci, aka ce ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, uwarsu tumuni, ya riƙe saura.

Hajiya Kaka:
Na karanta duka, na kuma janye rabin maganata. Amma rabin da ya rage ina nan a kai: kada ki tare shi ke kaɗai, kada kuma a gaban ƙannensa ko matarsa. Ki sami baffan nan naku da ya ji wasiyyar, ki kai masa littafin, shi ya kira zaman. Babba ba ya son a ce ƙanwarsa ce ta tsayar da shi. Kuma ku fara da yi masa godiya a kan riƙon gidan da ya yi, don ya yi ɗin.

Ni kuma zancen nan ya taɓa ni ta wani wajen. Ina da jikoki irin waɗannan, ban rubuta komai ba, kullum ina cewa sai na samu lokaci.

Malam Mai Allo:
Hajiya, hadisin Ibnu Umar na Buhari da Muslim ya ce bai kamaci Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Takarda ɗaya ta isa: wanda ke binki, wanda kike bi, ajiyar da ke hannunki, inda takardu suke, abin da kika ba jikokin, da wanda kika ɗora wa zartarwa. Shaidu biyu su sa hannu. In kuma kyauta za ki yi musu yanzu, ki damƙa, a sauya suna a takarda tun kina da lafiya.

Babbar Ɗiya:
Na dawo in sanar da ku, kwana 12 bayan tambayata. Na bi shawarar Hajiya, na kai wa Baffa littafin. Yana buɗewa ya gane tsarin: shafukan gaba waɗanda Baba ke bi ne, na baya waɗanda ke binsa. A na baya suna shida ne ba a ja wa layi ba. Baffa ya kira zama, ya ajiye littafin a gaban Yaya bai ce komai ba. Yaya ya daɗe yana kallon rubutun Baba, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da katin ya ajiye a kai.

Mun sami mutum huɗu cikin shidan. Ɗaya ya ce an biya shi tun bara, Baba ne ya manta bai ja layi ba. Ɗaya ya yafe. Biyu za a biya su da zarar izinin kotu ya fito. Ragowar biyun muna cigiya, ɗaya laƙabi kawai aka rubuta. Mahaifiyarmu ta ce akwai kuɗin awarwaronta da ta sayar ta ba shi lokacin da shago ya taɓa durƙushewa, Baffa ya tabbatar, an shigar cikin bashi. Amarya ba ta ji daɗin maganar mota ba, har yanzu ba ta sake da ni ba. Baffa da aminin Baba sun rubuta shaidarsu a kan filin yara.

Ranar Asabar za a rufe shago a ƙirga kaya, Yaya ne ya ce shi zai riƙe biro. Mai Lissafi, in an gama yi wa komai kuɗi zan turo maka adadin ka sake duba mana kason Kaka da na auta.

Mai Lissafi:
Ki turo. Ki haɗo da jerin abin da aka cira a banki tun ranar rasuwar, da abin da aka kashe a kai, don a san wanda za a ɗora wa tuli da wanda za a cire daga rabon mai shi.